Wutar da Baba Ya Ciro Daga Shara

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, gidanmu na Palladan ya cika har bakin titi. 'Yan zumuntar mata na cocinmu sun shimfiɗa tabarmi a tsakar gida suna rera waƙa ƙasa-ƙasa, maza kuma suna waje a kan benci, ƙarƙashin rumfa. Zafin bazara ya hana kowa sakat. Duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" mu ce, "Da godiya," har bakina ya gaji da faɗa.

Wajen azahar sai ga bas ta tsaya a ƙofar gida, mata suka dinga fitowa. Matan kasuwar Sabon Gari ne, masu tumatir da masu kabeji da masu lemo, wasu ko zanen kasuwa ba su sauya ba. Wata Inyamura mai sayar da ayaba ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa, "Baba don go? Yanzu wa zai kwashe mana ɓawo?" Wani mahauci ya zo da rabin cinyar sa a leda, ya ajiye, ya tafi. Da Fasto ya miƙe ya ce marigayi mutum ne mai son tsabta, na ga wasu samari a bayan rumfa sun sunkuyar da kai suna danne dariya.

Ina cikin raba ruwa na ji wasu tsofaffi biyu suna magana a gindin katanga.

"Ramin nan ne ya ci shi," in ji ɗaya.

"Ai dama. Mutum ya yi shekaru yana shaƙar ruɓa, me ake jira?"

Suna faɗar haka suna cin shinkafa. Ban gaya musu cewa a kan wutar ramin aka dafa ta ba. Na ajiye musu ruwa na wuce. Amma maganar ta tsaya mini a wuya, ita ce ta sa na zauna nake wannan rubutu. Ni surukarsa ce, matar autansa. Shekara goma sha ɗaya muka yi gida ɗaya da shi, kuma ina da abin da ya kamata in faɗa a kansa, har da wanda ba zai yi mini daɗin faɗa ba.

Baba mai aikin famfo ne. Ya zo Samaru yana saurayi daga wani ƙauye a kudancin Zariya, ya sami aiki a wata ma'aikatar binciken noma, yana gyaran bututu da tankunan ruwa har ya yi ritaya. Lokacin da ya sayi filin gidan nan, in ji shi, gonakin dawa ne kewaye da shi. Can bayan katanga akwai kududdufi inda ake ɗibar ƙasar gini, da damina ya cika da ruwa, kwaɗi su yi ta kuka. Yakan ce, "Ni ban shiga gari ba, gari ne ya zo ya same ni." Gidaje suka taso, ɗakunan haya na ɗalibai suka taso, kowa yana da shara, babu mai inda zai kai. Kududdufin ya zama juji. Lokacin da aka kawo ni gidan, jujin ya fi katangarmu tsawo. In ya yi yawa sai wani ya cinna masa wuta, ya yi kwanaki yana ci ta ƙasa, hayaƙin leda da roba yana shigowa ɗakunanmu.

Mama, matarsa, na same ta da tari. Shekara arba'in tana hura itace, ga kuma jujin. Tana tari har ta riƙe bango. A shekarata ta biyu a gidan ta rasu. Baba bai yi kuka a gaban mutane ba. Mako biyu bayan jana'izarta muka wayi gari muka gan shi a ƙarshen fili da diga da shebur, yana haƙa.

Mijina ya ce, "Baba, rijiya za a yi?"

"Ciki zan gina," in ji shi.

Ashe tun yana aiki ya taɓa taya wani malami gina irinsa don gwaji. An gama gwajin, an rubuta takardu, an watse, ciyawa ta rufe wurin. Shi kuwa bai manta ko bututu ɗaya ba. Ya haƙa rami ya fi tsayin mutum, ya gine shi da bulo da siminti, ya yi masa rufi kamar ƙwarya a kife. Gefe ɗaya akwai bakin zubawa, ɗaya gefen akwai mafita, a sama kuma ɗan bututu. Ya ce in aka zuba ruɓaɓɓen kayan miya da kashin shanu aka rufe, za su fitar da iskar gas da za a yi girki da ita. Ba wanda ya yarda. Unguwa ta sa masa suna Baban Bola.

A nan laifina ya shigo. Ina da cikin fari a lokacin, laulayi ya sa ni gaba. Baba yana kawo buhunan ruɓaɓɓen tumatir daga kasuwa a bayan mashin ɗinsa, da abin cikin tumbin shanu daga mayanka, yana jibgewa kusa da tagata kafin ya dama. Ƙuda ya cika gidan. Ko ruwa na sha sai ya dawo. Na yi wa mijina magana, ya ce shi ba zai iya tunkarar ubansa ba a cikin wannan hali. Sai maƙwabcinmu na hannun dama, wani tsohon ɗan sanda, ya tare ni a hanyar makaranta, don ni malamar firamare ce a Samaru. Ya ce mutanen layi suna so su kai ƙara wurin duba-gari, amma suna neman mai iya tsara Turanci. Ya ce ba sai na sa hannu ba. Na rubuta a ofishin malamai lokacin hutun tara, shafi ɗaya da rabi.

Ma'aikatan duba-gari biyu suka zo da fayil. Suka zagaya ramin suna toshe hanci, suka ba Baba mako biyu ya cike shi. Ya ce su nuna masa takardar ƙarar. Suka miƙa masa. Ina leƙe ta labule na ga ya nisanta ta da idonsa yana karantawa. Ni nake rubuta masa wasiƙu tun da ganinsa ya fara rauni, ya san hannuna kamar yadda ya san nasa. Ya ninke takardar ya mayar musu, ya raka su har ƙofa.

Da la'asar na fito ɗiban ruwa, yana zaune a kujera 'yar tsugunno yana tsince leda daga cikin ganyen kabeji.

"Malama." Haka yake kirana har ya mutu.

"Na'am, Baba."

"Na ga takardarki. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Akwai wari, akwai ƙuda."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Abu ɗaya kika manta ba ki sa ba," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Hayaƙi. Wari bai taɓa kashe mini kowa ba."

Bai taɓa gaya wa mijina ba. Washegari ya kwashe kayan daga gindin tagata ya mayar can ƙurya, ya samo ganguna masu murfi, ya daina ajiye komai ya kwana a buɗe. Cikin kwana uku ƙudan ya ragu. Ni kuwa na kasa haɗa ido da shi.

Saura kwana biyu wa'adin ya cika, da safe, na ji yana kira, "Malama, fito da ashana!" Ya ja tiyo daga kan ramin, ba ɗakinsa ya kai ba, kicin ɗina ya kai. Ya haɗa shi da wani tsohon murhun ƙarfe da ya faɗaɗa wa ƙofofi da kansa. Ya murɗa. Wani ɗan huci ya fito. Na ƙyasta ashana ta fari, ta mutu. Ta biyu ma haka. A ta uku wuta ta kama, shuɗiya, babu hayaƙi ko kaɗan, tana rawa a kewayen murhun. Baba ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce a hankali, "Da na yi wannan tun da wuri." Ya juya ya fita. Ranar ce kaɗai na gan shi yana share ido da hularsa.

Da duba-gari suka dawo, shayi ya dafa musu a kan wutar. Suka sha suna dariya, ɗaya har ya ce zai ɗauki Baba ya je ya gina wa tsohuwarsa irinsa. Ba su sake maganar cikewa ba.

Daga nan rayuwarsa ta koma kan ramin. Kullum da sassafe, ban da Lahadi, yana kan hanyar Sabon Gari da buhu biyu. Matan kasuwa sun saba, suna tara masa. In ya dawo sai ya zauna tsinta, don abin da ya fi tsana a duniya leda ce. Yakan ɗaga ta sama ya ce, "Wannan ba ta mutuwa, ba ta kuma barin wani ya rayu." Ya koya mini damawa: bokiti ɗaya na kaya, bokiti ɗaya na ruwa. Ban da sabulu, ban da ɓawon lemo da yawa, ban da ƙashi. "Cikin saniya ne, Malama. Abin da saniya ba za ta ci ba, kada ki ba shi." In sanyi ya shigo wutar ta yi rauni, sai ya lulluɓe rufin da buhuna da kara kamar mai jinyar tsoho. Baƙin ruwan da ke fita ta ɗaya gefen kuwa taki ne. Manoma daga Hanwa sukan zo da jarkoki su ɗiba, su kawo mana alayyahu.

Kada in mayar da shi waliyyi. Baba yana da taurin kai da kaifin baki. In ya ga yaro ya jefar da ledar ruwa a hanya, sai ya bi shi har gidan ubansa. A taron dattawan coci ya taɓa tsayar da maganar ginin sabon zaure ya ce a fara duba inda ake zubar da sharar biki, har Fasto ya ce masa, "Baba, a bar wannan sai wani zama." Kayansa kullum suna ɗauke da wani ɗan tsami da omo ba ya fitarwa. Jikokinsa na birni ba sa son ya ɗauke su.

Rigimarsa mafi zafi da babban ɗansa ce, wan mijina, wanda ke aiki a Kaduna. Ya zo wata Kirsimeti da sabuwar tukunyar gas a bayan mota, ya sauke ta a tsakar gida.

"Baba, ga wannan. In ta ƙare ni zan riƙa cikawa. Don Allah a rufe ramin nan."

"Ramin ya yi maka wani abu?"

"Ana ce mana 'ya'yan mai kwasar shara. Abokin aikina ya gan ka a kasuwa kana tsugune a cikin ruɓaɓɓen tumatir. Ka san yadda na ji?"

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Abin da ka riƙa bari a wando kana ƙarami, wa ya kwashe? Ban ji kunyarka ba."

"Ba wannan ake magana ba, Baba."

"Wannan ake magana. Tukunyarka za ta dafa mini tuwo, na yarda. Za ta rage tsayin wancan?" Ya nuna jujin da haɓa.

Wan mijina ya kwashi iyalinsa ya koma a ranar, ko abincin rana ba su ci ba. Baba ya kai tukunyar kicin ɗin coci. Shekara biyu ba su yi wata doguwar magana ba, kuma na san abin yana cinsa, don duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ya miƙe ya leƙa.

A hannun hagu muna da maƙwabciya Musulma, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu, tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Wata safiya Baba ya ji ta tana tari a kan wutar itace. Ya tsaya da mashin, ya saurara, sannan ya wuce kasuwa. Da yamma ya huda katanga ya zura mata tiyo. Ta ce ba ta da abin biya. Ya ce, "Ki riƙa ba ni dusar wake da ruwan wankinsa, mun rabu." Gas ɗin bai ishi gida biyu sosai ba, don haka ya ce ni in riƙa girkin rana bayan ta sauke kasko. Na yi gunaguni a raina, amma na bi. Ita ce ta fara shigowa gidanmu da aka ce ya rasu, ta zauna a ƙasa.

Babban burinsa shi ne a gina ƙaton irin wannan a bayan kasuwa, masu abinci su ja wuta daga ciki, sharar kasuwa ta daina tafiya juji. Ya zana shi a takardar kwali, ni na rubuta bayanin. Ya sa rigarsa ta coci ya yi ta zarya ofis-ofis, yana zama a benci tun safe, a ce masa oga ya fita. Sau ɗaya mutanen ofishin suka zo, mota uku, da mai ɗaukar hoto. Wani mai babbar riga ya kunna murhuna, aka tafa, aka kira Baba abin koyi. Suka karɓi zanen suka ce za a kira shi. Ya sayi sabon batir na waya saboda kiran. Ba a kira ba, zanen ma bai dawo ba. Bayan wani lokaci ya daina maganar, sai dai in ya dawo daga kasuwa yakan ce, "Buhu biyu na ɗauko. Tifa goma na bari."

Yanzu ga abin da ya kashe shi, don masu cewa rami ne su ji. A bazarar nan jujin ya kama wuta, ya fi mako yana ci. Iska ta juyo da hayaƙin layinmu. Muna rufe taga, muna sa wa yara tsumma mai ruwa a hanci. Gefen da ke ci ya matso hanyar da 'yan makaranta suke bi. Baba ya zagaya gida-gida yana neman maza su fito a kashe, kowa ya ce ba shi ya kunna ba. Mijina yana wurin aiki, ni ina makaranta. Sai ya ɗauki bokiti da shebur ya shiga shi kaɗai, mutum mai shekara saba'in da wani abu. Maƙwabciyarmu mai ƙosai ce ta hango shi durƙushe a bakin jujin, ta yi ihu aka ɗauko shi.

A asibiti likita ya nuna mana hoton ƙirjinsa, ya tambaya ko yana shan taba. Muka ce bai taɓa ba. Ya ce to huhun ya daɗe da lalacewa, na ranar nan ƙarasawa kawai ya yi. Kwana biyar ya yi da robar iska a hanci. Wan mijina ya zo a rana ta uku, ya durƙusa a bakin gado ya riƙe ƙafarsa. Baba ya ɗora masa hannu a ka. A rana ta biyar da hantsi ya yafito ni, na kai kunne kusa da bakinsa.

"Kin ba ramin abinci?"

"Na ba shi, Baba."

"Kada ki cika masa. Rabin bokiti, tunda ba na nan."

Kafin azahar ya cika.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Makonnin farko matan kasuwa suna aiko mini da buhu ta hannun ɗan acaɓa. Daga baya abin ya ja baya, don kowa da hidimarsa, ni kuma ga makaranta ga yara. Sharar gidanmu kaɗai ba ta isa. Wutar ta dinga ƙanƙancewa, har ta kai ba ta tafasa ruwan shayi.

Da damina ta faɗi 'ya'yansa suka yi zama a falo. Aka ce ƙarshen filin zai ɗauki ɗakuna huɗu na haya, ɗalibai suna nema. Na shigo da ruwa, na tsaya, na ce ko za a bar ramin a gina a gefensa, in an samo mai kawo kaya ni zan kula da shi. Wan mijina bai yi mini tsawa ba. Cikin ladabi ya ce, "Mun gode da duk abin da kika yi wa Baba. Amma wannan maganar gado ce." Na dubi mijina, yana duban ƙasa. Na ajiye ruwan na fita.

Abu ɗaya suka saurare ni a kai. Na ce a buɗe bututun sama a bar shi kwana biyu iskar ta fita, kuma kada lebura ya matso da taba. Suka yi hakan. A rana ta uku aka sa guduma. Rufin ya yi musu gardama, don Baba bai yi ha'inci a siminti ba, sai da suka wuni. Da aka zo cikewa aka ce ƙasa ta yi tsada, ga abin ciko kyauta a bayan katanga. Baro-baro suka riƙa turo sharar jujin, da ledarta da robarta da fasassun kwalabe, suna juyewa a ciki har ya cika, suka daddale.

Washegari da safe na gama gyaran kayan miya, na ga hannuna ya riga ya ware ɓawo a bokiti ɗaya, leda a wani, kamar kullum. Na ɗauki bokitin ɓawon na nufi ƙarshen fili, sai da na kai tsakiya na tuna. Na daɗe a tsaye a wurin. Daga baya na koma na juye su duka a bokiti ɗaya, na fita ta ƙofa, na zagaya bayan katanga, na watsa a kan jujin kamar yadda kowa yake yi. Ruwan saman da aka yi bai kashe wutarsa duka ba, can ƙasa yana hayaƙi.

Ubangiji ya karɓi Baba, ya ba shi hutawa a inda iska take da tsabta. Ya yafe mini abin da na rubuta da abin da na kasa hanawa. Mu kuma da muka rage a layin nan, ya ba mu ƙirjin ɗauka.